Wa Ke Riƙe Da Awartaki? Kamfanonin Asibitin Haƙori Da Halin Da Ma'aikatansu Ke Ciki

 

Shugaban wannan zama, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, abokan aiki ma'aikatan lafiya da suka taso daga Talata Mafara da Bakura da Maradun, 'ya'yanmu ɗalibai masu karatun aikin asibiti, da ku mutanen Garbadu da kuka yi mana masauki, barkanku da warhaka. Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama suka kuma ga dacewar in tsaya gabanku. Na san halin da hanyoyinmu suke ciki a 'yan shekarun nan. Wanda ya baro gida da sassafe ya zo nan, ba rashin abin yi ya kawo shi ba. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Batun da aka ɗora mini shi ne yadda ake tafiyar da ma'aikata a kamfanonin da ke mallakar asibitocin haƙori masu rassa da yawa. Tun kafin in fara na hango tambayar a fuskar wasunku: "Malam, mu da sai mun hau mota zuwa Mafara ko Gusau, wani lokaci har Sakkwato, kafin a leƙa bakinmu, ina ruwanmu da kamfani mai rassa dubu a Amurka?" Tambaya ce mai kyau. Ruwanmu biyu ne. Ɗaliban nan da ke zaune a baya, da yawansu ba a Garbadu za su yi aiki ba. Kano za su nufa, ko Kaduna, ko Abuja, ko Legas, inda asibitocin kuɗi masu reshe biyu da uku suka riga suka fara yawa, wasu kuma har Saudiyya da Ingila. Sannan cutar da zan bayyana, ƙaramarta tana nan tare da mu a kemis da ƙananan asibitocin kuɗi, babbarta ce kawai ba ta iso ba.

Na farko: mene ne wannan kamfani?

A jihohi da dama na Amurka doka ta hana wanda ba likitan haƙori ba ne ya mallaki asibitin haƙori. 'Yan kasuwa kuwa ba su rasa ƙofa. Sai suka ce to, mu ba asibiti muka mallaka ba, hidima muke yi wa likita. Ginin namu ne, kujerar tamu ce, mu ke talla, mu ke ɗaukar akawu da mai karɓar baƙi, mu ke karɓar kuɗi, mu ke sayo kaya. Likita sunansa na kan takarda, hannunsa na cikin bakin mara lafiya. Haka kamfanin Heartland Dental ya faro a 1997 a garin Effingham na jihar Ilinoi, a hannun wani likitan haƙori, Rick Workman. Aspen Dental ya biyo baya a 1998. Yau kowannensu rassansa sun haura dubu. A 2018 kamfanin zuba jari na KKR ya sayi mafi yawan hannun jarin Heartland. A Ingila akwai irinsu, kamar mydentist da Bupa Dental Care.

Kada mu yi musu zalunci, akwai dalilin da ya sa matasan likitoci ke rububin shiga. Yaro ya gama makaranta da bashi a wuyansa. Kujerar haƙori ɗaya da na'urar ɗaukar hoto sun fi ƙarfin aljihunsa. Kamfani ya ce masa zo, ga wuri a gyare, ga albashi, ba ruwanka da haya ko haraji ko rigimar ma'aikata. Kamfani yana sayen kaya da yawa a kan sauƙi, yana iya buɗewa da dare da ranar hutu, yana iya tura ma'aikaci kwas. Duk wannan alheri ne, kuma wurin da ba shi da likita ko ɗaya bai kamata ya raina shi ba.

Mu ma tsarin rassa ba baƙonmu ba ne. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da yaransa da wakilansa ya tara gyaɗar ƙasar Kano, kowa na zaune a kasuwarsa da jarin ubangida. Amma ku lura da bambanci guda. Mai sayar da gyaɗa yana ganin buhunsa, yana ganin sikeli, in an tauye shi zai iya tada jijiyar wuya. Wa ya taɓa ganin turmin haƙorinsa na can ciki? Mutum yana kwance, baki a buɗe, fitila a idonsa, an ce masa haƙora uku sun ruɓe. Da me zai musa? Mai sayarwa shi ne mai faɗin abin da kake buƙata, shi ne kuma mai yanke farashi. Sana'ar da take haka, amana ce kaɗai ginshiƙinta. Mai zuba jari kuma, ba don mugunta ba, lissafinsa daban ne: ya sayi kamfani yau don ya sayar bayan 'yan shekaru da riba, kuma ba zai sami ribar ba sai kowace kujera ta kawo fiye da abin da take kawowa a da.

Na biyu: awon da ake auna ma'aikaci da shi.

Nan ne zuciyar maganata, ku yi mini haƙuri in daɗe a kai.

Na taɓa aiki a wani asibitin kuɗi a ɗaya daga cikin manyan biranenmu, ba zan kama suna ba. A ɗakin da muke cin abinci akwai farin allo. An ja layi, an jera sunayenmu a hagu, a dama kuma kuɗin da kowa ya shigar a makon. Ran Litinin da safe manaja zai shigo da shayinsa, ya tsaya gaban allon, ya yi wa na sama barka, na ƙasa kuma ya dube shi ya ce, "Likita, lafiya dai ko?" Shi ke nan. Bai taɓa ce wa kowa ya cire haƙori mai lafiya ba. Da an kai shi kotu zai rantse bai faɗa ba, kuma gaskiyarsa. Amma wanda aka tambaya "lafiya dai ko" makonni uku a jere, ranar da aka kawo masa haƙorin da ake iya jira a gani, ko a cike, ina kuke zaton hannunsa zai karkata? A allon nan babu layin da ke nuna wanda ya zauna ya koya wa uwa yadda za ta wanke wa ɗanta baki. Babu layin wanda ya ce wa mutum, "Alhaji, haƙorinka ƙalau yake, tafi gida." Wannan maganar sifili take kawowa.

Abin da na gani a ƙaramin allo, a Amurka an gan shi a gaban hukuma. A watan Janairu na 2010 kamfanin FORBA, mai kula da asibitocin yara da ake kira Small Smiles, ya amince ya biya dala miliyan 24 don kashe zargin da gwamnati ke yi masa. Zargin shi ne ana yi wa 'ya'yan talakawa, waɗanda gwamnati ke biya wa kuɗin magani ta shirin Medicaid, aikin da ba su buƙata: a kashe jijiyar haƙorin nono, a ƙwama masa hular ƙarfe, a cire wanda bai kamata a cire ba. Iyaye sun ba da labarin yadda ake ɗaure yaro a kan wani allo don a gama aiki da yawa a zama ɗaya. A 2014 aka dakatar da kamfanin da ya gaje shi daga shirin na tsawon shekara biyar. Za ku ce an ɗauki darasi. A Janairun 2018 sai ga Benevis, mai kula da rassan Kool Smiles fiye da 130, ya amince da biyan dala miliyan 23.9 kan zargi kusan iri ɗaya, ko da yake bai amsa laifi ba. Abin da Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta faɗa a kansa shi ne ya fi jan hankalina: ana kafa wa likita adadin kuɗin da zai kawo, wanda ya wuce a ba shi tukwici, wanda ya gaza a hore shi. A 2015 ma babban lauyan jihar Niyok ya ci Aspen Dental tarar dala 450,000, ya kuma sa ya yi alkawarin cire hannunsa daga hukuncin da ya shafi magani.

Likitocin nan ba aljanu ba ne. Makaranta suka yi kamar yadda muka yi, rantsuwa suka yi kamar yadda muka yi. Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Yanzu ku juyo Ingila ku ga abin mamaki, don kada wani ya tashi daga nan yana cewa laifin 'yan kasuwa ne kaɗai. A watan Afrilu na 2006 gwamnati ta sauya yadda take biyan likitocin haƙori a tsarin lafiyarta na NHS. Aka koma maki. Dubawa da wanki, maki ɗaya. Ciko ko cirewa ko kashe jijiya, maki uku. Aikin da ke buƙatar a ƙera wani abu, kamar haƙorin roba, maki 12. Sai a ba asibiti adadin makin da zai cika a shekara, in ya gaza a karɓe kuɗi. To ga inda gizo ke saƙa: ka cike haƙori ɗaya, maki uku, ka cike biyar a baki ɗaya, maki uku. Ka cire haƙori cikin ɗan lokaci, maki uku. Ka zauna ka yi ta fama da jijiyarsa don ka cece shi, maki uku. Me kuke tsammani ya faru? A 2008 kwamitin lafiya na majalisar dokokinsu ya gano aikin kashe jijiya ya ragu ƙwarai, cire haƙori kuma ya ƙaru. Mai baki cike da ruɓa, wanda ya fi kowa buƙata, shi ya zama wanda ba a son gani. Sai a 2022 aka ɗan gyara lissafin.

Kun gani? A can awo ya sa an yi wa yaro aikin da ba ya buƙata, a nan awo ya sa an hana mutum aikin da yake buƙata. Kujera iri ɗaya ce, ilimi iri ɗaya. Abin da aka zaɓa a ƙirga shi ya bambanta. Shi ya sa in aka ce mini wani asibiti yana da tarbiyyar aiki mai kyau, ba na duban kalmomin da aka liƙa a bango. Tambayata ɗaya: me ake ƙirgawa a ƙarshen wata, kuma wa ke ƙirgawa?

Kafin mu yi wa Turawa dariya, mu leƙa gida. Yaron kemis da ubangidansa ke duba cinikin yini kawai, zai bar mai mura ya fita ba allura ba ƙarin ruwa? Asibitin da ke ba ma'aikaci kamasho a kan kowane gwaji da ya rubuta fa? A harkar sayar da magani kowa ya san zancen hayar lasisi: mai takarda ya karɓi ɗan abinsa a shekara, a rataye takardarsa a bango, shi kuwa yana wani gari. Wannan da abin da kamfanonin Amurka suka yi wa dokarsu, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Na uku: waɗanda sunansu ba ya kan allon ƙofa.

In an yi zancen asibitin haƙori, likita ake gani. Amma lafiyar mai zuwa tana hannun wata yarinya a ɗakin baya, wadda ke tsaye gaban famfo da buroshi tana kankare jini daga awartaki. Bayan ta wanke, ta shanya, ta zuba a leda, ta jera a tukunyar turara kaya. Tukunyar nan sai ta kai zafin digiri 134 ta riƙe shi na 'yan mintoci, ko digiri 121 na tsawon lokaci fiye da haka, sannan kaya su bushe a ciki. Daga farawa zuwa gamawa rabin awa ba ya yi mata yawa. Tana shan wuta sosai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa a nan ya san abin da tada janareta ke ci.

Ku sa kanku a matsayinta. Mutum goma na jira a benci. Awartakin da ya dace da turmin ƙasa guda biyu ne a asibitin duka, an yi amfani da su. Babu wuta. Manaja ya ce man janareta na wannan makon ya ƙare, a goge da sifirit a miƙo. Ita ce mafi ƙarancin albashi a gidan, watakila ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba ta samu, ba ta da takardar ɗaukar aiki, kuma akwai goma a waje masu neman gurbinta. Ƙwayar cutar hanta nau'in B kuwa tana iya rayuwa mako guda a busasshen jini a jikin ƙarfe. Wanda ya ɗauka mai yiwuwa ba zai sani ba sai bayan shekaru, kuma ba zai taɓa danganta ciwonsa da ranar da aka cire masa haƙori ba. Ita kanta yarinyar, wa ya biya mata allurar rigakafin cutar hanta, sau ukun nan da ake yi, kafin a miƙa mata kaya masu tsini?

A nan babban kamfani na iya fin ɗan ƙaramin asibiti, in ya ga dama, domin yana da ƙarfin sayen kaya ninki biyu da sa sola da aiko mai bincike. Abin kunyar da ya faru a Tulsa ta jihar Okalahoma a 2013, inda aka kira mutum kusan 7,000 su zo gwajin cutar hanta da ƙanjamau saboda ƙazantar kayan aiki, a asibitin likita mai zaman kansa ya faru, ba na kamfani ba. Don haka girma ko ƙanƙanta ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne: yarinyar nan za ta iya cewa "kayan ba su dahu ba, a jira," ta kuma wayi gari da aikinta?

Wannan tambayar ta fi mana nauyi mu Hausawa. An tarbiyyantar da mu kan kunya da girmama na gaba, kuma ba na son mu rabu da su. Amma a ɗakin aiki na sha ganin girmamawa ta rikiɗe ta zama shiru. Nas tana ganin likita ya nufi haƙorin hagu alhali kati ya ce na dama, sai ta tsaya nauyin baki. Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Babba ne zai buɗe ƙofa, ya faɗa da bakinsa gaban kowa cewa duk wanda ya ga kuskure ya tsayar da shi, ranar da aka tsayar da shi kuma ya ce "na gode" maimakon ya haɗe rai. Sau ɗaya ya kunyata mai faɗa, ya rufe bakin gidan gaba ɗaya. Ku sani, shari'o'in nan biyu na Small Smiles da Kool Smiles, ƙararrakin masu fallasa ne suka taso da su, kuma dokar Amurka tana ba mai fallasa kaso daga abin da aka ƙwato. Mu a nan mai fallasa me yake samu, ban da takardar kora?

Na huɗu, a gajarce: kuɗin gaba da hukuncin nesa.

A Faransa an yi Dentexia, mai tallan aiki da araha. Ana sa mutum ya biya kuɗin aikin duka tun farko, in ba shi da shi a haɗa shi da masu ba da bashi. A 2016 kamfanin ya rushe, ya bar mutane fiye da dubu biyu, wasu an cire musu haƙora ba a sa madadinsu ba, ga bashi na binsu. A Sifaniya iDental ya rufe rassansa a 2018, labari iri ɗaya, mutanen ma sun fi yawa. A 2023 Bupa ya sanar zai rufe ko ya sayar ko ya haɗe rassa 85 a Birtaniya, ya ce likitoci sun yi ƙaranci, tsada kuma ta yi yawa. Ma'aikacin reshe bai san komai ba sai da takarda ta iso daga hedikwata, kuma shi ne zai tsaya gaban mutanen gari ya yi bayani.

Mutanen wannan yanki ba sai an koya musu illar hukuncin da aka yanke a ofis mai nisa ba. Dattawan da ke nan sun ga aikin madatsar Bakolori, sun ga abin da ya faru a 1980 lokacin da manoma suka tashi neman diyyar gonakinsu. Ba zan tsawaita ba, kun fi ni sani.

Na biyar: abin da ba ya shiga lissafin kowa.

A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, wanda aka kafa a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma take tallafa masa tun 2014. Cutar nan da kumburin dasashi take farawa, galibi a yaro mai shekara biyu zuwa shida, wanda yunwa ta rama shi ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya kayar. Cikin 'yan kwanaki sai ta ci kunci, ta ci leɓe, ta kai ga ƙashi. In ba a yi magani ba, har tara cikin goma na iya mutuwa. In kuwa an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. Nijeriya ce ta jagoranci ƙasashe wajen kai kuka Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a watan Disambar 2023 ta sa cutar a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Mu kuma muna da ranar tunawa da ita, 20 ga Nuwamba.

Ku faɗa mini, a wane allo na wane kamfani za a rubuta wa ma'aikaci lada don ya ɗaga leɓen yaron da aka kawo awo ya duba dasashinsa? Uwar yaron ba ta da abin biya. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Amma a ƙasar Zamfara, a ganina, babu aikin baki da ya fi shi daraja. Kamfani zai je inda ake son fararen haƙora da ƙarfen daidaita su, kuma ba na zarginsa, kasuwa yake bi. Abin da nake tsoro shi ne ya kwashe mana 'yan ma'aikatan da muke da su, waɗanda Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri da kwalejojin lafiya suka sha wahalar horarwa, ya kai su birni goge haƙoran masu hali, a bar ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye shi kaɗai, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda farkon noma yake. Daga nan sai mutum ya koma wa wanzami da awartakinsa, ko mai maganin tsutsar haƙori na ran kasuwa. Kuma kada ku ga laifin wanda ya je. Wanda ciwon haƙori ya hana barci kwana uku, duk wanda ya miƙo hannu likita ne.

Na shida: to, me za a yi?

Ku 'ya'yana ɗalibai, da ku zan fara, don tun ran gini ran zane. Ranar da aka kira ku ɗaukar aiki, za ku ƙagu ku ji nawa ne albashi. Ku ji, haƙƙinku ne. Amma ku ƙara da tambayar yadda ake lissafa shi: tsayayye ne, ko yana hawa da sauka da yawan aikin da ka rubuta? In ka ce haƙori ba ya buƙatar komai, akwai wanda zai iya sauya maganarka, kuma shi ma'aikacin lafiya ne ko akawu? Ka nemi a nuna maka ɗakin wanke kaya kafin a nuna maka ɗakin baƙi. Ka tambayi mai shara shekararsa nawa a gidan. Wurin da ma'aikata ba su daɗewa, akwai dalili. Kuma ku riƙe wannan: lasisin naku ne. In abu ya ɓaci, Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, ko hukumar da ta yi muku rajista, ku za ta kira. Manaja ba shi da lasisin da za a ƙwace.

Ku masu hali da ke tunanin buɗe asibiti, bismillah, muna buƙatarku, kuma neman riba ba haramun ba ne. Ni ban ce kada a ƙirga komai ba, gidan da ba lissafi rushewa yake. Ku ƙirga kuɗi a ofishin akanta. Amma in za ku auna mai riƙe da awartaki, ku auna mutum nawa suka dawo da ciwo bayan aikinsa, cikon da ya yi ya daɗe ko ya faɗi, katinsa a cike yake ko a'a. Ku sa wani likita daban ya riƙa ɗaukar fayil goma cikin ɗari ya duba ko aikin da aka yi ya dace da hoton da aka ɗauka. Ku biya albashi kan lokaci, don wanda ya yi wata biyu ba a biya shi ba, daga bakin mara lafiya zai fanshe.

Hukuma kuma, abin da ke hannunta ya fi abin da take zato. Ma'aikatar lafiya ta jiha ce ke yi wa asibitin kuɗi rajista. Tana iya zuwa ba sanarwa ta ga ko mai lasisin yana nan, ta buɗe tukunya ta gani ko tana aiki. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora, jiharmu kuma tana da hukumarta ta ZAMCHEMA. Duk ranar da waɗannan hukumomi suka zauna yanke nawa za a biya kan ciko, nawa kan cirewa, nawa kan duba bakin yaro, to su san allon nan na ɗakin cin abinci suke rubutawa, na jiha guda. Ina roƙon su karanta abin da ya sami Ingila a 2006 kafin su ɗora biro.

Shugaban taro yana duban agogo, kuma na ga la'asar ta gabato.  Inda na yi daidai daga Allah ne, inda harshe ya zame a yafe mini. Yanzu fili naku ne. Ina so a fara ba ɗalibai da ƙananan ma'aikata dama kafin manya su karɓi lasifika, kuma wanda ke jin nauyin tashi ya rubuta tambayarsa a takarda ya miƙo, ba sai ya sa suna ba. Bismillah, wa zai fara?